Murjanin Sarki da Ƙwallayen Dabino

"Wai ni Tasi'u, me ya sa mai takobi yake hawa mataki kamar ana tura shi, mai magani kuwa wata biyar yana nan inda aka ajiye shi?"

Mudassir ne ya yi wannan tambaya, ranar Lahadi bayan la'asar, ina tsaye bayan labule da tiren shayi a hannuna. Ba da ni yake ba, amma sai da kofunan suka yi ƙara.

Bari in fara da bayanin wasan, don ni ma na daɗe ban gane kansa ba. Maigidana da abokansa biyu, Mudassir da Tasi'u, suna da wani wasa da suke yi a falonmu na Tudun Wada duk Lahadi. Ba lido ba ne, ba kati ba ne. Tasi'u ne mai ba da labari, shi zai ce ga ku a bakin kogo, ga 'yan fashi bakwai sun fito. Maigidana shi ne mai takobi, sunansa a wasan Barde, har sunan ya bi shi waje, kuma da shi zan kira shi a nan. Mudassir shi ne mai magani, aikinsa ɗaure rauni da cire dafi. Kowa ya faɗi abin da zai yi, ya jefa wani ɗan lido mai fuskoki da yawa, abin da ya fito shi ne hukunci. Wanda ya kashe abokin gaba, Tasi'u ya ba shi ƙwallon dabino ɗaya ya jefa a gwangwaninsa. Ƙwallaye goma mataki ɗaya ne, kuma kowane mataki ƙarin ƙarfi ne. Ranar nan Barde yana mataki na bakwai, Mudassir yana na biyu.

Barde ya yi dariya ya ce, "Haƙuri za ka yi, likita. Mai magani a farko ne yake rarrafe. Bari ka kai mataki na tara, matacce ma tashinsa za ka yi."

"Yaushe ke nan? In na yi jika?" in ji Mudassir. "Sau nawa na ɗinke maka ciki a wasan nan? Ko ƙwallo ɗaya aka ba ni? Kai ka sari mutum a ba ka, ni in tashe ka daga ƙasa a ce sannu."

Tasi'u ya ce shi ma abin yana ba shi mamaki, don bai zaci tazarar za ta kai haka ba. Mudassir ya jawo gwangwanin Barde ya zazzage shi a kan tabur. Ta gefen labule na ga ya ɗauki ƙwallo ɗaya yana juya shi a yatsunsa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Lahadi mai zuwa zan zo. In haka za a ci gaba, ku nemi wani ya riƙa bin Barde da bandeji."

Tun firamare suke tare da maigidana. Ban taɓa ganin ya fita gidanmu bai sha shayi ba sai ranar.

To, ga abin da na sani wanda su ba su sani ba. A saman firjinmu ake ajiye gwangwanayen, kuma ni ke share falo. Wata rana na tsinci ƙwallo ɗaya a ƙarƙashin kujera, ban san na waye ba, sai na jefa a na Barde. Ashe shi ya cike masa goma. Ranar da ya hau matakin ya biyo ni har kicin yana ba ni labarin yaƙin, har ya karɓi wuƙa ya taya ni yanka albasa. Wata bakwai da aurenmu, shi ba mai yawan magana ba ne, ni kuma kunya ta yi mini yawa, ban taɓa jin ya yi mini hira mai tsawon wannan ba. Daga nan, in na ci dabino sai in wanke ƙwallon, in shanya, in jefa masa. Ashirin da uku na jefa. Abin da ban lura ba shi ne, ƙwallayen Tasi'u na dabinon Makka ne da mahaifiyarsa ta zo da shi, dogaye ne sirara. Nawa na dabinon Agadas ne, gajeru masu ƙiba. Irin gajeren ne na gani a yatsun Mudassir.

Kwana biyu ina aiki kamar wadda aka ɗora wa turmi a ka. A rana ta uku wata hikaya ta faɗo mini. Kakana na wajen uwa yana da tsohon littafi na ajami a cikin gafaka, ya ce shi ma daga wasu tsofaffin littattafai aka kwafo shi, kuma Gwaggo Talatu ce ke karanta mana muna yara. Ni a aji uku na tsaya, ba zan iya kawo ta da kalmominta duka ba, amma ga ta iya abin da na riƙe.

An ruwaito cewa a wani zamani da ya shuɗe an yi wani sarki a birnin Zarnuƙa, ana ce da shi Shamsu ɗan Hamdanu. Ba azzalumi ba ne, sai dai yana son a ce ya fi kowa. A fadarsa akwai wani wasa da ake kira wasan ayari. Wani tsoho mai suna Sa'adu shi ke ba da labarin tafiya a cikin sahara, masu wasa kuma kowa ya ɗauki matsayi a ayarin. Sarki shi ne mayaƙi. Wazirinsa Maimunu shi ne ja-gaba, kuma shi ke riƙe da kayan wasan. Wani falke mai suna Hashimu, wanda Sarki ke jin daɗin hirarsa, shi aka ba mai magani. Wuri, kuɗin zamanin da, suke jefawa, ba don caca ba, sai don a san wanda ya dace. Dokar wasan kuwa ita ce, wanda ya kashe abokin gaba a sa masa murjani ɗaya a tasarsa. Murjani goma daraja ɗaya, kowace daraja kuma tana ƙara wa mutum wuri ɗaya a hannunsa.

An ruwaito cewa Waziri ya lura duk ranar da Sarki ya hau daraja fuskarsa takan washe, masu ƙara su samu sauƙi, shi ma a yi masa magana mai taushi. Sai ya sa aka yi masa duwatsun ƙarau ja masu kama da murjani, ya riƙa jefa ɗaya biyu a tasar Sarki in zai ajiye kaya. Kafin shekara ta zagayo Sarki ya kai daraja tara, Hashimu yana ta ɗaya. Sarki ya riƙa kiransa Hashimu mai daraja ɗaya, fadawa suka ɗauka, har sunan ya kai kasuwa.

Tsoho Sa'adu kuwa ya shiga tsaka mai wuya. In ya kawo ƙananan 'yan fashi, Sarki ya share su da jifa ɗaya ya yi hamma. Dole ya riƙa kawo abin da ya yi daidai da ƙarfin Sarki. Wata rana ya ce, "Ga ku a bakin rijiya, ga wani kumurci ya fito, kaurinsa kamar gindin giginya." Sarki ya sare kan macijin, amma kafin macijin ya mutu ya sari Sarki a dunduniya. Sa'adu ya ce, "Dafin nan sai wuri huɗu sun faɗi a buɗe zai fita." Aka juya ga Hashimu. Wuri ɗaya ne a hannunsa. Ya jefa, ya faɗi a buɗe, bai isa ba. Mayaƙin Sarki ya mutu a bakin rijiya.

Sarki ya miƙe a fusace ya ce, "Da gangan ka bar ni, don ina yi maka ba'a!" Ya sa aka fitar da Hashimu, aka hana shi shiga fada, fatake 'yan'uwansa suka daina zama kusa da shi. Aka naɗe tabarmar wasa. Amma zuciyar Sarki ba ta kwanta ba, don da idonsa ya ga wuri ɗayan nan. Sai ya sa aka yi shela: "Wa ya kashe mayaƙina? Wanda ya ba ni amsar da ta zauna, yana da abin da ya roƙa."

Wasu suka ce maciji ne. Wasu suka ce tsoho Sa'adu ne da ya kawo macijin. Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ƙaddara ce," bai ɗaga ido ba. Duk Sarki ya girgiza kai. A rana ta bakwai Sa'adu ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, an tambayi kowa ban da wanda aka kora." Aka aika aka zo da Hashimu.

Hashimu ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ran Sarki ya daɗe, bawanka ba shi da amsa, labari yake da shi, in an yi masa izini." Sarki ya ce, "An yi maka."

Hashimu ya ce: "An ruwaito cewa wasu maharba biyu sun kasance suna fita daji tare. Ɗaya yana riƙe da baka, ɗaya yana ɗauke da salkar ruwa da jakar magani. Al'adar garinsu ita ce nama na mai kibiya ne. Saboda haka mai baka ya riƙa cin tsoka, mai salka yana gwaguyar ƙashi. Mai baka ya yi ƙarfi, ya sake baka mai nauyi, ya raina gada da barewa, ya fara nisa yana neman manyan namun daji. Mai salka kuwa kullum ƙafarsa ƙara sanyi take. Wata rana suka bi sawun ɓauna. Mai baka ya yi gaba da saurinsa, mai salka yana tafiya yana hutawa, har tazarar rabin yini ta shiga tsakaninsu. Ɓauna ta soki mai baka a cinya. Rauni ne da magani ke warkarwa, kuma maganin yana nan a jaka, amma jakar tana bayan mutumin da yunwa ta hana shi sauri. Da ya iso, ya tarar rai ya yi halinsa. Mutanen gari suka ce ɓauna ce ta kashe shi, wasu suka ce mai salka ne da ya makara. Sai wata tsohuwa ta ce, ku tafi ku duba yadda kuke rabon nama."

An ruwaito cewa Sarki ya juya ga Sa'adu ya ce, "Sau nawa Hashimu ya warkar da ni a wasan nan?" Sa'adu ya ce, "Sau arba'in da ɗaya, ranka ya daɗe." Sarki ya ce, "Murjani nawa aka ba shi a kan haka?" Sa'adu ya ce, "Ko ɗaya. Doka ba ta ce a ba shi ba." Sarki ya sunkuyar da kai har amawalinsa ya taɓa ƙirjinsa. Can ya ce, "Sau arba'in da ɗaya, ina yi masa dariya. Hashimu, na zalunce ka a gaban mutane, a gaban mutane nake neman ka yafe. Roƙi abin da kake so."

Hashimu ya ce, "Abu uku nake roƙo, duk na wasa ne. Na farko, a daina ba da murjani don kisa. A riƙa bayarwa don haɗarin da ayari ya tsallake, a raba wa duk wanda ke cikinsa. Na biyu, a tsawaita wa mayaƙi tsaninsa, ya zama sai goma sha biyu yake hawa daraja, mai magani kuma goma."

Sarki ya ɗaga gira ya ce, "Ka ga kuma ka koma rage mini."

Hashimu ya ce, "Allah ya ja zamaninka, wurin da aka ƙara wa mayaƙi yana aiki a kowane faɗa. Na mai magani sai an ji rauni yake aiki. In tsaninsu ya zama ɗaya, ba a daɗewa za ka sake barina a baya da jaka." Sarki ya yi murmushi ya ce, "Na ukun fa?"

"Na uku, a juye duk murjanin a tulu ɗaya a sake rabo. Amma kafin nan yana son wanki, ya sha hannu. Ina roƙon Waziri ya wanke shi da kansa, shi kaɗai a ɗaki, don shi ya san kayan."

Sarki ya yi mamakin ƙanƙantar roƙon, ya amince. Waziri ya shiga ɗaki da tasoshi, gumi yana bin gemunsa. Ya tsince duwatsun ƙarau ɗai ɗai ya ƙulle a bakin rawaninsa. Da ya fito ya tari Hashimu a soro ya ce da shi a hankali, "Tun yaushe ka sani?" Hashimu ya ce, "Tun ranar da na ji ƙararsa a tasa. Ƙarau ba ya sauka kamar murjani." Waziri ya ce, "Me ya hana ka faɗa ranar da aka kore ka? Da ka wanke kanka." Hashimu ya ce, "Da na faɗa, da an tuɓe ka, kowa ya ce an gano cutar, a bar doka yadda take. Ko ba ƙarau ɗinka Sarki zai tsere mini, kai dai sauri ka ƙara masa. Mai magani na gaba da ya sha abin da na sha." An ce tun daga ranar Waziri bai sake zama ba in Hashimu yana tsaye.

Sarki ya yi wa Hashimu alkyabba, ya naɗa shi madugun fataken birnin, ya kuma sa duk dokar da za a yi ta rabo a ƙasar sai an ji ta bakinsa. Mai littafin ya rufe da cewa: wanda ke lada ga hannun da ya sara kaɗai, ya manta hannun da ya ɗaure rauni, da kansa yake raunana wanda zai cece shi. Mai hikima kuma yakan gyara doka a fili, ya bar wa mai laifi ƙofar da zai gyara kansa a ɓoye.

Iyakar hikayar ke nan. Ranar Laraba da azahar Barde ya dawo cin abinci, ya zauna yana juya cokali a shinkafa. Ya ce ya kira Mudassir sau biyu bai ɗauka ba. Na zauna a gefen tabarma na ce, "Yaya, in ba ka wani labari na littafin Kaka?" Ya dube ni da mamaki, don ban taɓa fara hira ba. Na ba shi. Na faɗi Sarki, na faɗi maciji, na faɗi maharba da rabon nama da juye murjani a tulu ɗaya. Waziri kuwa na mai da shi ja-gaba kawai. Ban ambaci ƙarau ba.

Da na gama ya ajiye cokali ya ce, "Sau arba'in da ɗaya." Sannan ya ce, "Wallahi na Mudassir ya fi haka. Ni kuma ina ce masa likita ina dariya." Ya ce ashe ina da irin waɗannan labaran nake ɓoyewa, ashe malama ya auro. Yabon ya zauna mini a ƙirji kamar tuwon da bai dahu ba.

Ranar Lahadi Mudassir ya zo, bai cire hularsa ba. Kafin a fara Barde ya ce, "Likita, na yi maka ba daidai ba." Ya kawo shawarar duka: ƙwallo na haɗarin da aka tsallake tare, mai takobi sha biyu, mai magani goma, a juye komai a sake rabo. Tasi'u ya ce sha biyu ta yi yawa, su gwada sha ɗaya su gani. Mudassir ya ce, "A'a, a bar masa sha biyun, ya ɗanɗana rarrafe." Suka yi dariya su uku. Barde ya ɗaga murya ya ce, "Kawo mana gwangwanayen da kwano ɗaya."

Na ce daga bayan labule, "Sun yi ƙura, bari in ɗauraye su."

A kicin na juye su a roba. Na tsince gajerun. Na ƙirga ashirin da biyu. Na sake ƙirgawa, ashirin da biyu. Na duba ƙasa, na duba magudanar ruwa, babu. Barde ya sake kira. Na ƙulle su a bakin zanina na kai kwanon.

Suka raba, suka yi wasa har aka kira magariba. Na ji Tasi'u ya kawo musu wata kunama mai girman jaki, ta harbi Barde, Mudassir ya cire dafin da jifa ɗaya, aka ba kowa ƙwallo. Mudassir ya sha shayi kofi biyu. Da za su fita masallaci ya ce, "Amarya, mun gode da ɗawainiya," kamar yadda ya saba, ko ƙarin kalma ɗaya babu.

Na shiga kwashe kaya. A cikin kofin Mudassir, ƙarƙashin ɗan guntun shayin da ya rage, ga ƙwallon dabino gajere mai ƙiba. Na ashirin da uku.

Na daɗe a durƙushe da kofin a hannuna. Mako guda ƙwallon nan yana aljihunsa. Da ya ajiye shi a kan tabur ranar da ya fusata, da abokinsa ya zama maha'inci a idon Tasi'u, ko kuma ni in zama abin labari a gidajensu. Waziri ya samu bakin tambaya a soro. Ni ba ni da wannan bakin, kuma ba zan iya sake haɗa ido da Mudassir ba sai an kwana biyu.

Na haɗa su ashirin da uku na binne a tukunyar na'a-na'a da ke bayan kicin. Barde ya dawo daga masallaci yana ta ba ni labarin kunamar, ya ce Lahadi mai zuwa in zauna in gani, ko in ɗauki ja-gaba. Bakina ya buɗe, maganar ta zo har kan harshena. Sai na tuna abokinsa ya riƙe ta kwana bakwai don kada ta shiga tsakaninsu, na ga ba ni da hurumin kwance abin da ya ƙulle. Na ce masa to, zan gani. Wannan takarda kuma ƙasan akwatina za ta, ƙarƙashin atamfofin da ban ɗinka ba. Ba zan faɗa wa Barde ba, ba zan faɗa wa Gwaggo Talatu ba, ba zan faɗa wa kowa ba.